Rage ƙara da zafi a jikin tsohuwar Peugeot 504: me ya kamata a liƙa, me bai kamata ba?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina rubuto muku ne daga Tawa. Na gaji wata Peugeot 504 ƙirar 1978 daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma burina shi ne in maido ta yadda na san ta ina yaro. An gama aikin inji, an cire kujeru da kafet, yanzu tana garaji babu komai a cikinta sai ƙarfe. Damuwata ita ce idan na hau hanyar Ƙonni da ita ƙara tana hana jin magana, da bazara kuma rufinta da ƙasanta suna ɗaukar zafi ƙwarai. Mai gyaran jikin mota ya ce in sayi ledar kwalta mai ƙyalli, irin wadda ake toshe yoyon rufin ɗaki da ita, a liƙe ko'ina, sannan a ɗora soson katifa a kai. Shin wannan shawara daidai ce? Idan ba daidai ba ce, me zan sa?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa aljanna ce makomarsa, kai kuma ya ba ka ikon kammala wannan aiki. Ban goyi bayan shawarar da aka ba ka ba, ko da yake na san mai gyaran sauƙi ya nufa maka. Ledar kwalta don rufin gini aka yi ta, kuma rufin motar da ta wuni a ranar Tawa cikin Afrilu ko Mayu yana iya wuce digiri 70 na zafi, wanda ya isa ya sa kwalta ta yi laushi, ta cika mota da wari, ta zame daga rufi ta ɓata silin. Soson katifa kuwa ruwa yake sha ya riƙe, kuma duk abin da ya riƙe ruwa a jikin ƙarfen da ya haura shekara arba'in, tsatsa yake renowa a inda ido ba ya gani.

An fito da 504 a Faransa a 1968, ta ci lambar motar shekara ta Turai a 1969, kuma bayan an daina ƙera salun ɗinta a can a 1983, masana'antar Peugeot ta Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000, shi ya sa har yau kayanta ba sa wuyar samu a yankinmu. Abin da ya shafi tambayarka a ƙirarta shi ne cewa gangar jikinta ita ce ke ɗauke da nauyinta, domin ba a kan wani gadon ƙarfe daban aka ɗora ta ba. Ƙarfen ƙasan motar da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi suna cikin abin da ke riƙe ta, saboda haka tsatsa a waɗannan wurare magana ce ta lafiyar waɗanda ke ciki, kuma ba a rufe ta da komai sai an yi maganinta.

Mutane da yawa suna ɗauka mota ba ta tsatsa a Adar saboda ƙarancin ruwa, alhali ranar da ke busar da ƙasa ita ce ke busar da robar gilashin gaba da ta ƙofofi har su tsattsage, sai ruwan damina da na wanki su riƙa shiga kaɗan-kaɗan. Ƙurar da ta taru a gindin ƙofa tana haɗuwa da wannan ruwa ta zama laka, ta toshe ƴan ramukan da aka bari don ruwa ya fita. Ka sa a kankare tsohuwar shimfiɗar kwaltar da masana'anta ta sa da tsumman da ke kanta, kuma idan aikin ya zo daidai da hunturu, a yi shi da sassafe, domin sanyi yana sa kwaltar ta yi tauri ta riƙa ɓallewa da kurfi. Mai kankarewa ya sa takunkumi, ya yayyafa ruwa a kan duk wani tsohon abu mai zare-zare da ya gani kusa da salansa, domin motocin wancan zamani an yi amfani da asbestos, wani abu mai zare-zare da ƙurarsa ke cutar da huhu, a wasu sassansu, kuma Faransa ba ta haramta shi ba sai a 1997. Inda ƙarfe ya huje a yanke a yi walda, inda tsatsar ba ta yi zurfi ba a goge har ƙarfe ya yi fari, a shafa maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, a bi da fentin farko na efoksi. Duk wata walda a gama ta yanzu, domin abin da za a liƙa daga baya yana kama wuta.

Daga nan sai ramuka, kuma a ganina nan ne mafi yawan ribar aikin take, ga shi kuma ya fi kowane sashe araha. Ƙara tana bin duk inda iska ta bi. A bangon ƙarfen da ya raba inji da ɗakin mota akwai ramukan da wayoyi, igiyar totur da sandar sitiyari suke ratsawa, kowane da robarsa, kuma a motar 1978 da wuya a ce ba su ruɓe ko sun faɗi ba. Haka robar da ke gindin sandar giya. Idan ba a riga an wanke cikin motar ba, ka duba sawun jar ƙura a jikin ƙarfe, domin duk inda ƙurar hanyar burji ta bar layi, ta nan iska ke shigowa. Idan an wanke, ka sa wani ya haska tocila daga wajen inji da dare, kai kana ciki kana duban inda haske ya ɓullo. A toshe kowane rami da sabuwar roba, a sake robar ƙofofi da ta but. Wannan yana kuma tare hayaƙin salansa, wanda ke ɗauke da iska mai guba marar wari da ke sa direba ciwon kai da barci.

Sai bayan haka ake maganar abin liƙawa, kuma a nan ne ake yawan haɗa ayyuka biyu da ba ɗaya ba. Na farko shi ne hana ƙarfe rawa. Idan aka bugi tasa za ta yi ta amo, amma da zarar an ɗora mata yatsu biyu sai ta yi shiru, ba sai an rufe ta duka ba. Haka faffaɗan ƙarfen rufi, na ƙofa da na ƙasan mota yake, ga shi kaurinsa a wurare da dama bai kai milimita ɗaya ba. Abin da ke yin aikin yatsun shi ne shimfiɗar robar butil mai fuskar alminiyom, mai kaurin kamar milimita 2, wadda ke juya rawar ƙarfe ta koma ɗan ɗumin da ba a ma jinsa. Rufe kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari na kowane faffaɗan wuri ya wadatar, a tsakiyarsa inda ya fi rawa, kuma inda ƙarfe yake da lanƙwasa ko ƙashi ba ya bukatar komai. Ka ƙwanƙwasa da yatsa: inda ya yi amo a liƙa, inda ya yi ɗif a wuce. A goge wurin da sifirit tukuna, a danne shimfiɗar da abin mirginawa har babu iskar da ta rage a ƙarƙashi, domin kumburin da aka bari matattarar danshi ce. Rufe ko'ina, kamar yadda aka ce maka, asarar kuɗi ce da ƙarin nauyi, tunda kowace murabba'in mita tana kai kilo 3.

Butil da kwalta suna kama da juna a ido, kuma mai sayarwa da kansa yana iya rashin bambance su, ko a Yamai ka aika a sayo maka ko daga Kano. Ka nemi ɗan guntu kafin ka biya, ka liƙa shi a jikin ƙarfe a tsaye, ka bar shi a rana daga hantsi zuwa la'asar. Idan ya yi warin sabuwar hanya, ya baƙanta yatsa ko ya fara zamewa, kwalta ce.

Aiki na biyu shi ne tare ƙarar da ke zuwa daga waje, ta inji, ta taya da ta tsakuwa, kuma wannan nauyi yake bukata. A ƙa'idar kimiyyar sauti, duk lokacin da aka ninka nauyin shinge ana rage ƙarar da ke ratsa shi da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kunne kuwa sai an rage kamar 10 yake jin ta ragu da rabi. Ana shimfiɗa soso mai rufaffun ƙwayoyi, wato wanda ba ya shan ruwa, mai kaurin milimita 3 zuwa 6, a ɗora masa roba mai nauyi ta kimanin kilo 5 a murabba'in mita, daga bangon inji zuwa ƙarƙashin kujerar baya. Saɓanin butil, wannan shimfiɗa dole ta rufe wurin baki ɗaya, gefe ya hau kan gefe, domin ɗan giɓi yana lalata yawancin amfaninta. Kada a liƙa ta da gam. A yanka ta daidai wurin a ajiye, yadda za a iya ɗagawa a duba ƙarfe. Gwajin soso kuwa shi ne a tsoma shi cikin ruwa a matse, kuma idan ya fitar da ruwa bai dace ba.

Zafi kuma hanyarsa daban ce. A rufi, bayan ƴan guntayen butil, a manna soso marar shan ruwa mai kaurin kamar milimita 10 da gam mai jure zafi sosai, domin gam na yau da kullum yana saki a bazarar farko. Ƙyallin alminiyom yana mayar da zafi ne kawai idan akwai sarari a gabansa, kuma idan aka danne shi tsakanin ƙarfe da kafet ya daina wannan aiki. Saboda haka zafin da kake ji a ƙafa daga ƙarƙashin mota ake tare shi, da fallen alminiyom da aka ɗaure tsakanin bututun salansa da ƙasan motar, a bar tazarar santimita 1 zuwa 2 ta kowane ɓangare don iska ta wuce. Ka sani kuma cewa kaso mai yawa na zafin motar da ke ajiye ta gilashi yake shiga, don haka inuwa da mayafin gilashin gaba suna yin abin da shimfiɗa ba za ta yi ba.

A ƙofofi guntu biyu ko uku na butil a jikin fatar waje sun isa, a buɗe ramukan fitar ruwa, a mayar da ledar da ke bayan allon ƙofa. Kada a cusa komai a cikin ƙofa ko cikin dogayen ƙarafan gefe, musamman kumfar gwangwani da magina ke fesawa, wadda ke kumbura ta lanƙwasa ƙarfe, ta kuma kulle danshi. Farin soson da ake naɗe talabijin da shi narkewa yake idan fetur ya taɓa shi.

Tunda motar gado ce, ina roƙonka kada a huda ko'ina saboda wannan aiki, kada kuma a rufe lambar jikin mota ko farantin masana'anta, domin da su ake tabbatar da takardunta. Ka ɗauki hoton ƙarfen bayan fenti, kafin a shimfiɗa komai, don duk wanda motar ta koma hannunsa wata rana ya san abin da ke ƙarƙashi. Kafin a mayar da kujeru a duba robobin da inji da akwatin giya ke zaune a kansu, da maratayan salansa, da tayoyin da suka bushe, domin ƙarar da ke fitowa daga waɗannan ta cikin ƙarfe take bi, kuma babu shimfiɗar da ke tare ta. Idan kuɗi bai isa a yi komai lokaci ɗaya ba, a fara da tsatsa da robobi, sai rufi tun da silin a cire yake, a bar roba mai nauyi zuwa gaba. Bayan ruwan farko mai ƙarfi na damina ka ɗaga kafet ɗin gaba ka taɓa ƙarfen da hannunka, kuma idan ka ji danshi, robar gilashin gaba za a fara dubawa.