Tambaya da Amsa: Ganyen lemun tsamina ya koma rawaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da bishiyar lemun tsami guda biyu a tsakar gida, shekararsu huɗu da dasawa. Tun bara sababbin ganyensu suke fitowa rawaya amma jijiyoyin kore, bakin tsofaffin ganyen yana ƙonewa, furen kuma yana kakkaɓewa. Na zuba takin zamani sau biyu ban ga canji ba. Suna kusa da inda muke wanki, kuma mukan zuba musu tokar murhu domin an ce tana korar gara. Mene ne abin yi? Daga wata mai karatu, Rijiyar Lemo, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki dakata da sayen taki tukuna, domin a ganina tokar nan da ruwan wankin su ne tushen matsalar.

Lemun tsami, kamar sauran dangin lemo, yana son ƙasa mai ɗan tsami-tsami, wadda a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami wanda lambarsa ke hawa idan tsami ya ragu, take tsakanin 5.5 da 6.5. Ke da kanki kin san abin da kanwa ko ruwan toka ke yi wa tsamin miyar yakuwa. To, haka toka take kashe tsamin ƙasa, kuma da zarar ma'aunin ya haura 7.5, sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasar yakan daskare ta yadda saiwa ba za ta iya zuƙarsa ba, ko da yana nan jibge. Alamar wannan ita ce abin da kika bayyana, wato sabon ganye rawaya mai koren jijiya. Da yunwar taki ce, da tsofaffin ganye ne za su fara ɗashewa gaba ɗayansu, har da jijiyar. Shi ya sa takin da kika zuba bai yi aiki ba. Ƙonewar bakin ganye kuwa yawanci gishiri ne, kuma garin sabulun wanki yana ɗauke da shi. Yana kuma toshe ƙasa har ruwa ya riƙa kwanciya a gindi.

Akwai gwaji biyu da za ki iya yi a gida. Ki ɗebi busasshiyar ƙasa daga gindin ki ɗiga mata ruwan khal. Idan ta yi kumfa, akwai toka ko ɓaraguzan siminti da yawa a cikinta, abin da ba baƙo ba ne a gidajen birni, inda magina kan binne ragowar aikinsu a tsakar gida. Sannan a haƙa rami mai zurfin santimita 30 a gefen inuwar bishiyar, a cika shi da ruwa da yamma. Idan har safiya ruwan yana nan, ƙasar ba ta tsanewa, kuma ruwan watan Agusta zai iya ruɓar da saiwar. Mai son cikakken awo yana iya kai samfurin ƙasa sashen kimiyyar ƙasa na Jami'ar Bayero.

Gyaran yana farawa da daina zuba toka da kuma karkatar da ruwan wanki zuwa kwata. Bayan haka a kankare saman ƙasar a hankali, kada a wuce zurfin yatsa uku, domin ƙananan saiwoyin lemo a sama-sama suke, a maye gurbinta da sabuwar ƙasa da aka cakuɗa da kashin shanu wanda ya ruɓe sosai. Idan ƙasar tana tsanewa, a yi ban ruwa mai yawa da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku domin a wanke gishirin ya yi ƙasa. Garin farar wuta, kimanin cikin tafin hannu ɗaya ga kowace bishiya, idan aka barbaɗa shi a ƙarƙashin inuwarta, yana dawo da tsamin ƙasa, sai dai aikinsa yana ɗaukar watanni. Maganin fesawa mai sinadarin ƙarfe zai sa ganye ya yi kore da wuri, amma ba ya gyara ƙasar.

Ki kuma duba kututturen. Idan ƙaro yana tsattsafowa daga gindinsa, danshi ya yi yawa, sai a janye ƙasa da ciyawa daga jikinsa kamar taƙi ɗaya. Takin NPK 15-15-15 a bar shi sai farkon damina, a zuba kaɗan a zagayen bakin inuwa, nesa da kututture. Ganyen da ya riga ya lalace kada ya dame ki. Tofon da zai fito bayan gyaran shi za ki sa wa ido.