Tambaya da Amsa: Ɗana Bai Taɓa Zama Benci Ɗaya da Kirista Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni magidanci ne a Anguwan Rogo, cikin Jos. A makarantar gwamnati na yi firamare tare da 'ya'yan Birom da Jarawa da Ibo, amma ɗana mai shekara 12 bai taɓa zama aji ɗaya da wanda ba Musulmi ba. Kwanan baya ya tambaye ni ko gaskiya ne mutanen Anguwan Rukuba, unguwar Kiristoci, duk neman ranmu suke yi, kuma tambayar ta hana ni barci. Bana zai shiga sakandare, ina so in kai shi makarantar da Musulmi da Kirista suke karatu tare, sai dai mahaifiyarsa tana tsoron hanya, yayana kuma yana tsoron aƙidar yaron, yana cewa taron tattaunawar da ake yi tsakanin Musulmi da Kirista duk neman kuɗi ne. Shin karatu tare yana kawo zaman lafiya da gaske?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya raya maka yaron nan, domin da bai tambaya ba, da maganar ta zauna masa a zuci har ya girma da ita. Tun daga rikicin Juma'ar 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, mutane suka riƙa sayar da gidajensu ko musayarsu, kowa yana komawa cikin nasa, har garin ya rabu. Babbar kasuwar Taminus, wadda take haɗa kowa da kowa, ta ƙone a 2002. Makarantu ma sun bi sahun gidaje, kowace unguwa ta buɗe nata masu zaman kansu. Saboda haka yaron da aka haifa bayan wannan lokaci a labari kawai ya san ɗaya ɓangaren, labarin kuwa na ranar da aka zubar da jini ne. Ina da yaƙinin cewa a Anguwan Rukuba akwai yaro sa'an ɗanka da ya yi wa mahaifinsa wannan tambaya a kan Anguwan Rogo.

Ba zan ce maka ilimi shi kaɗai yana kashe wutar rikici ba. Tushen rigimar Jos yana cikin maganar ɗan ƙasa da baƙo, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da shugabancin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa da aka ƙirƙiro a 1991, wadda naɗin shugabanta ya jawo tarzoma a 1994, zaɓenta kuma ya jawo ta 2008. Malamin aji ba shi da ikon warware waɗannan, kuma da yawa daga masu rubuta kalaman tunzura jama'a suna da digiri. Abin da makaranta take iya yi ya fi wannan ƙanƙanta, amma ina ganin girmansa. A Jos jita-jita ce take hura wuta: a ce an kashe wani a Gada Biyu, kafin a tabbatar matasa sun tare hanya a Titin Bauchi. Wanda yake da aboki a can zai ɗaga waya ya tambaya, kuma da wuya ɗan siyasa ya ba shi kuɗi ya je ya ƙona layin da ya taɓa cin tuwo a cikinsa.

Sai dai ba kowace cakuɗuwa ce take haifar da wannan ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam daga Amurka, Gordon Allport, ya bayyana tun 1954 cewa haɗuwar ɓangarori biyu tana rage ƙiyayya ne idan suna kan matsayi ɗaya, suna da buri ɗaya, suna aiki tare don cimma shi, kuma hukumar da ke kansu tana goyon bayan haka. Idan babu waɗannan, yara za su iya shekara shida a aji ɗaya, waɗannan a gefen taga, waɗancan a gefen ƙofa, su fita da ƙiyayyar da ta fi wadda suka shiga da ita. Don haka ka je makarantar da ƙafarka ranar karatu. Ka duba ko akwai malamin addinin Musulunci da na addinin Kirista, ko akwai wurin sallar azahar, yadda ake yi da hijabi, da kuma ko shugabannin ɗalibai daga ɓangare ɗaya suka fito. Ka tsaya lokacin tara ka ga su wa suke cin abinci tare, su wa suke ƙungiya ɗaya a filin ƙwallo, domin abin da za ka gani a nan ya fi jawabin shugaban makaranta gaskiya.

Game da aƙida, yaro ya ci gaba da Islamiyyarsa, kuma ka riƙa zama da shi kana jin abin da ya ji a waje. Ka tuna wa yayanka cikin ladabi cewa Manzon Allah (SAW) ya tura sahabbansa Habasha ƙarƙashin sarki Kirista, ya kuma karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina. A nan kusa da mu, a Yuni 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya hana su shiga. Sanin maƙwabtansa bai rage masa imani ba. Amma yayan naka yana da gaskiya ta wani ɓangare, domin akwai tarukan da ake yi a otel, a raba alawus, a ɗauki hoto, a watse. Waɗanda suka bar alama su ne waɗanda aka daɗe ana yi, kamar zaman da wakilan Afizere da Anaguta da Birom da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa suka yi ta yi daga 2013 zuwa 2014, ko amincin Akbishop Ignatius Kaigama da marigayi Sarkin Wase, Alhaji Haruna Abdullahi, waɗanda suka riƙa shiga garuruwan da aka yi faɗa kafaɗa da kafaɗa.

Tsoron mahaifiyarsa shi ya fi komai nauyi a wurina, kuma kada ka danne shi da hujja. Ba mu manta da Agusta 2021 ba, lokacin da aka kashe matafiya a Titin Rukuba, garin ya shiga dokar hana fita. Ku je makarantar tare da ita, ku zaɓi wadda hanyarta ba ta ratsa lungunan da ake tarewa, ku tambayi hukumar makarantar abin da take yi da yara idan gari ya rikice. Ka nemi iyaye biyu Kiristoci da ke zaune kusa da makarantar, ku yi musayar lambar waya, ku yi alkawarin cewa ranar tashin hankali ɗanka nasu ne, nasu kuma naka ne idan abin ya same su a ɓangarenku. Idan duk da haka hankalinta bai kwanta ba, a bar shi a makarantar unguwa, a nemar masa ƙungiyar ƙwallo ko wurin koyon sana'a da ake cakuɗe.

Tambayar yaron kuwa tana jiran amsa daga bakinka. Ka gaya masa cewa an kashe mutane ta kowane ɓangare, kuma ta kowane ɓangare an sami waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu. Sannan ka nemo ɗaya daga cikin abokan firamaren nan naka, ka kai masa ɗanka ya gaishe shi a gidansa, in Babbar Salla ta zo kuma ka ba yaron naman layya ya kai masa da hannunsa.