Rimot ɗaya ya kunna komai: kyauta zan yi wa Alhaji ko in caje shi?

Wani ɗan'uwa mai shagon kayan sauti a wajen Kasuwar Wunti, nan Bauchi, ya aiko da tambaya. Ya sayar wa wani Alhaji a GRA da kayan silimar gida: firosesa mai rarraba sauti, babbar amfilifaya daban, da sifiku. Yanzu Alhaji ya gaji da tashi yana zagayawa bayan kabad don kunna amfilifaya, yana so in ya danna rimot ɗaya komai ya tashi tare. Tambayar ita ce, aikin yana yiwuwa? In yana yiwuwa, ya yi shi a matsayin gyara tunda ya ci riba a ciniki, ko ya karɓi kuɗi?

Malam, aikin yana yiwuwa, kuma ka karɓi kuɗinka. Amma kafin ka yanka farashi, koma gidan da tocila ka leƙa bayan na'urorin nan biyu, don abin da ka gani a can shi zai gaya maka nawa za ka ce.

A bayan firosesa nemi ɗan rami irin na abin sauraro na kunne, mai faɗin milimita 3.5, an rubuta TRIGGER OUT ko DC OUT a jikinsa. Da zarar firosesa ta tashi, ramin nan yana fitar da bolt 12, wato tiriga, 'yar wutar da ke tayar da amfilifaya. A bayan amfilifaya kuma nemi TRIGGER IN. Idan yaranka sun taɓa ɗaura amfilifaya a mota, sun riga sun san wannan dabara: ita ce shuɗiyar wayar nan mai ratsin fari da ke fitowa daga rediyon mota ta tashi amfilifayar da ke cikin but ɗin motar. Idan ramukan biyu suna nan, aikin ya zo da sauƙi. Waya ɗaya ce mai kan jak a kowane ɓangare, irin mai zobe ɗaya baƙi, sai dai in littafin na'urar ya nemi wata iri. Kashe komai daga soket kafin ka soka, don bakin jak ɗin yana iya haɗa wuta lokacin shiga. Sannan ka buɗe ido sosai: ramin rimot mai rubutun IR kamarsu ɗaya da na tiriga, sau da yawa ma suna maƙwabtaka. Bayan haka shiga saitin firosesa ka kunna tirigar, ka duba ko amfilifayar tana da ɗan makunni a baya da ake turawa wajen tiriga. Mutane da dama nan suke tsayawa su ce waya ba ta da kyau, alhali saiti ne ba su taɓa ba.

Inda nake so ka nutsu shi ne idan amfilifayar ba ta da wannan rami. Da yawa daga cikin manyan amfilifayoyin da ake sayarwa a kasuwanninmu na masu kiɗan biki ne da wuraren wa'azi, makunnin hannu kawai gare su. A nan sai an haɗa ɗan akwati mai rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa ba hannu ba, wanda bolt 12 ɗin zai ja shi ya saki wutar gida mai bolt 230 zuwa amfilifaya. Ƙarfin da ramin tiriga yake bayarwa kaɗan ne ƙwarai. A na'urorin kamfanonin Denon da Marantz da yawa an rubuta iyakarsa 150mA, wato miliamfiya 150. Idan mai gyara ya ɗauko rile mai cin fiye da haka, ko ya manta bai sa diyod a kan nannaɗin rilen ba don tare wutar da ke komowa lokacin kashewa, yana iya ƙona wannan sashe na firosesar. Ga kuma babbar taransifoma da ke cikin amfilifaya, wadda take fizgar wuta mai yawa a daƙiƙar farko. Ƙaramin rile sai bakinsa ya narke ya manne. Dole a sa mai ƙarfi, ko ƙaramin ya ja kwantakta, wato babban rile mai ɗaukar wuta mai yawa. A haɗa shi cikin akwatin roba rufaffe, da fis, da wayar ƙasa. Kada ka yarda kowa ya kwance murfin amfilifayar Alhaji ya yi mata tiyata a ciki. Ranar da aka buɗe ta, duk ciwon da ta yi nan gaba kai za a nema.

Ka ga dalilin da ya sa na hana ka yi kyauta. Aikin da ka ɗauka a matsayin gyara, in ya ɓaci, asararsa ba ta zuwa kyauta: daga uwar kuɗinka za ka biya na'urar da aka shigo da ita da dala. Wanda zai ɗauki wannan kasada ya cancanci lada a kanta. Rubuta masa takarda mai nuna kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. Kuɗin kaya ƙanƙani ne, kada ka kumbura shi, don Alhaji zai iya aika yaro kasuwa ya tambayo, in ya kama ka da ƙari a waya ɗaya ya daina yarda da kai a sauran. Ribarka ta zauna a kuɗin aiki, inda sani yake: zuwanka dubawa, kuɗin mota, hannun mai gyara, da komawa sau ɗaya in wani abu ya taso. Idan akwatin rile za a haɗa, karɓi kafin alƙalami tukuna, don akwati ne da aka yi wa gida ɗaya. Kuma tunda ka karɓa, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in ya kira, ka je.

Yadda za ka shawo kansa ya biya da daɗin rai shi ne ka nuna masa abin da yake saya. Wannan ƙarar "bum" da sifiku suke yi in an kunna ko an kashe kaya, tana zuwa ne saboda ba a bi tsari ba. Ƙa'ida ita ce amfilifaya ta zama ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa, kuma yaran gida ba za su riƙe wannan ba. Sai batun kuɗin wuta. A ce amfilifayar tana cin wat 60 tana zaune ba ta kiɗa, an bar ta a kunne awa 18 a banza kullum. Yunit ɗaya da ɗoriya ke nan a rana, sama da 30 a wata. A watan Afrilun 2024 an kai kuɗin yunit na 'yan rukunin Band A, masu samun wuta mafi yawa, naira 225, in kuwa gidan a kan inbata yake, batir ne ke tsiyayewa cikin dare. Auna ta Alhaji da mita a gabansa ka yi lissafin da ainihin lambar da ta nuna.

Abu ɗaya kada ka yi masa alkawarinsa: tiriga ba ta kare kaya daga wuta mai ƙarfi ko tsawa. Wannan aikin sitabilaiza ne da na'urar tare wuta, kuma wani cinikin ne da za ka iya kawo masa a ranar.

Idan ka gama, kashe babban makunnin gidan ka mayar, a tayar da janareto a sauya layi, ka ga yadda kayan suka yi. Sannan miƙa wa Alhaji rimot ya kunna ya kashe sau uku da hannunsa, ya sa hannu a rasit cewa ya karɓi aiki lafiya. Ɗauki hoton bayan kabad ɗin ka ajiye a wayarka, don ranar da mai shara zai zare wayar tirigar a kira ka a ce aikinka ya lalace.