Amsa Ga Sabon Mai Kula Da Laburaren Firamare

Ɗana, na ga tambayarka. Ka ce an ba ka riƙon laburaren wata makarantar firamare a Rigasa, hedimasta kuma ya ɗora maka aiki biyu, wato ka sa yara su so karatu, ka kuma koya musu ladubban amfani da intanet, alhali ɗakin ba shi da kwamfuta ko ɗaya, wuta ma sai an yi sa'a. Kana so ka san da wanne za ka fara. A shekarun da na yi ina wannan aiki a Kaduna ban ga inda biyun suka rabu ba, domin yaron da ya saba tsayawa a kan labari yana tambayar wanda ya faɗe shi da dalilin faɗarsa, shi ne wanda ba a saurin ruɗarsa da saƙon waya.

Ka fara da fito da littattafai daga kwali. Na sha tarar da makarantun da aka kulle littattafai a kabad don gudun kada yara su yaga su, har gara ta cinye su ba wanda ya buɗe. Ka jera su a kanta daidai tsayin yaro, bangon yana kallon waje, ka shimfiɗa tabarma, ka tanadi gam da salatif da rajistar aro. Kada ka daki yaro don ya yaga shafi, ka zaunar da shi ku liƙe tare. Kada kuma ka yarda wani malami ya riƙa turo maka masu laifi su zauna a laburare, domin ɗakin da aka mayar wurin horo ba mai shigarsa da son ransa.

Bayan haka sai ka riƙa karanta musu a bayyane, da harshen da suke tunani da shi. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda aka buga a Zariya tun shekarun 1930, har yau tana riƙe aji, kuma dabarar da kake nema tana cikinta, tunda da daɗin labari aku ya riƙa tsayar da ɗan sarki kada ya fita. Kai ma idan ka zo inda labari ya ɗauki zafi, yara sun yi tsit, sai ka rufe littafin ka ajiye shi inda kowa yake gani. Kafin a tashi makaranta za ka ga wanda ya lallaɓo yana neman aronsa, ko da kuwa da ƙyar yake haɗa baƙi.

Daga nan ne darasin intanet yake shigowa, ba tare da ka canja ɗaki ba. Kowane yaro ya san Gizo da yadda yake yaudarar Kura. Idan an yi ƙurunƙus, ka tambaye su me ya sa Kura ta yarda, me Gizo ya yi mata alkawari, kuma wa ya kamata ta tambaya kafin ta bi shi. Za su ce maka kwaɗayi ne ko gaggawa, kuma da waɗannan biyun 'yan damfara suke kama manya a yanar gizo. Sai ka rubuta saƙo a allo irin wanda ake turawa a WhatsApp, mai cewa a tura wa mutum goma cikin gaggawa, ku bi shi da tambayoyin da kuka bi Gizo da su. Ni nakan ba su labarin watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da aka tashi mutane da asuba ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har wasu suka kwanta a asibiti. Iyayensu sun tuna da wannan dare, don haka ka ce su je gida su tambaya. Wannan bincike ba baƙo ba ne a wurinmu. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a tantance labari kafin a yi aiki da shi, malaman hadisi kuma ba su karɓar magana sai sun san wanda ya ji daga wa.

Akwai abin da sabon shiga ba ya lura da shi, kuma shi ya fi damuna. A gidaje da yawa ɗan aji biyar ko shida shi ne yake karanta wa mahaifiyarsa ko kakarsa saƙon waya. Idan ɗan damfara ya kira ya ce daga banki yake, a karanto masa lambar da ta shigo yanzu, bakin yaron nan za ta bi. Saboda haka ka maimaita musu har su haddace cewa banki ba ya tambayar lambar sirrin katin ATM ko lambar da ya turo ta waya, kuma ba a faɗa wa baƙo sunan makaranta ko kwatancen gida. Su sani kuma cewa Facebook da TikTok ba su yarda wanda bai kai shekara 13 ya buɗe shafi ba, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 kuma ta ce sai da yardar iyaye ake karɓar bayanan yaro. Wannan doka ta hau kanka kai ma, don haka kada ka ɗora hotunan ɗalibanka a shafinka ba da izini ba.

Game da abin da yaro yake furtawa da kansa, nakan ba wani takarda ya rubuta kalma ɗaya, 'yan aji su kwafe ta, sannan in ce ya karɓo maganarsa. Zai tattara takardun, amma kowa ya riga ya gani, a nan suke gane cewa magana zarar bunu ce. A garin Kaduna da ya ga fitinar addini ta 2000 da 2002, wanda Musulmi da Kirista suke cin kasuwa ɗaya a cikinsa, zagin addini ko ƙabilar wani a waya ba wasan yara ba ne, kuma ka faɗa musu haka ƙarara. Idan yaro ya zo ya gaya maka ya ga abin banza, ko wani babba yana aiko masa saƙo a ɓoye, kada ka tsawata masa, domin idan ka yi ba zai sake zuwa ba. Ka saurare shi, ka sanar da hedimasta da iyayensa a ranar.

Ka nemi a ba ka minti goma a taron iyaye da malamai na wannan zango, tunda wayoyin da yaran suke taɓawa na iyayen ne. Ka je da allon nan da saƙon da kuka bincika, ka bar yaro ɗaya ya yi musu bayanin da bakinsa.