Tambaya da Amsa: Wai me ya sa Pikaso yake farfasa kwalba da kofi a zanensa?

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗaliba ce mai koyon zane a Zariya, an ba mu aikin gida kan wani salo wai shi kubizim. Na duba hotunan a waya wallahi ban gane komai ba, an ce kwalba ce da kofi da jarida a kan tebur amma ni tarkace nake gani kamar an fasa madubi. Wai mutanen nan ba su iya zane ba ne?

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanwata. Sun iya fa, sun iya sosai, shi Pikaso, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro salon, tun yana ɗan shekara 15 a ƙasarsu Sifen yake zana mutum ki rantse hoto aka ɗauka. Da gangan suka yi.

Yanzu ki ɗauko kofin shayinki ki ajiye a gabanki. In kin durƙusa kin kalle shi daga gefe bakinsa layi ne kawai, in kin miƙe kin leƙa ta sama zagaye ne, hannunsa kuma yana can baya ba kya ganinsa amma kin san yana nan. Masu zanen da can waje ɗaya suke tsayawa su zana abin da suka gani daga nan. To shi Pikaso da abokinsa Birak ɗan Faransa, a birnin Faris daga wajen 1908 zuwa 1914, sai suka ce a'a, ai ido ba ya tsayawa waje ɗaya, bari mu haɗa gefe da sama da baya duk a fuska guda, shi ya sa za ki ga bakin kwalba a zagaye jikinta kuma a tsaye an yanyanka shi gida-gida. Kala ma suka rage ta, daga ruwan ƙasa sai ruwan toka, don kar ta ɗauke hankalin mai kallo daga siffar abin.

Kayan tebur suka fi zanawa saboda kowa ya san su, kwalba, kofi, lofe, gita, goge irin na Turawa. In kika hango igiyoyin gita a wani lungu to kin kama bakin zaren, sauran idonki ne zai harhaɗa.

Amma ni inda abin ya fi burge ni shi ne 1912. Baban Birak mai fentin gidaje ne, shi ma Birak ɗin ya koyi sana'ar, ya san yadda ake jan mataji a kan ɗanyen fenti ya fito kamar jikin katako, har yashi yake cakuɗawa a fenti. A watan Satumba na shekarar ya ga takardar bango mai zanen katako a wani shago a garin Abinyon na ƙasar Faransa, ya saya ya yanka ya manna a jikin takarda, sannan ya zana kwanon 'ya'yan itace da kofi da gawayi a kai. Kafin nan a cikin shekarar Pikaso ya yi wani ɗan ƙaramin zane mai siffar ƙwai, ya manna leda mai hoton saƙar kujera, ya rubuta haruffa uku JOU, farkon kalmar jarida da Faransanci, gefen kuma maimakon firam sai ya kewaye shi da igiya, igiya ta gaske wadda za ki iya taɓawa. Yana gidan adana kayan Pikaso a Faris har yau. Wannan nake so ki fara nema, ki zuƙo shi sosai a wayar ki ga yadda fenti ya hau kan ledar.

A 1914 yaƙin duniya na farko ya raba su, aka tafi da Birak fagen daga ya samu mummunan rauni a ka a 1915. Aikin gidan naki kuwa, ki zana kofin nan sau 3 daga wuri 3 a takarda ɗaya, ɗaya a kan ɗaya, ki yago guntun tsohuwar jarida ki manna a ƙarƙashinsa.