Gobara ta ci kayan miliyan 12, kamfanin inshora ya ce miliyan 6 zai biya

Tambaya: Ni ɗan kasuwar atamfa da shadda ne a Kano. A 2022 na yi wa kayan shagona inshorar gobara ta naira miliyan 15, duk shekara ina sabuntawa a kan wannan adadin, ban taɓa fashin biya ba. Kwanan baya wuta ta tashi a layinmu, ta ci mini kayan miliyan 12. Kamfanin ya turo mai ƙiyasta asara, sai ga takarda wai miliyan 6 za su ba ni, in sa hannu. Abokaina sun ce in maka su kotu. Yaya ka gani?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Kafin komai, kada ka sa hannu a wannan takardar tukuna. Yawanci a cikinta akwai layin da ke cewa ka karɓi kuɗin a matsayin biya na ƙarshe, babu sauran wata magana tsakaninku. In ka sa hannu, ka rufe wa kanka ƙofar kotu da ta ƙorafi gaba ɗaya.

Miliyan 6 ɗin nan ba daga sama ta faɗo ba. Ɗauko takardar yarjejeniyar ka duba, kusan tabbas za ka tarar da sharaɗin da ke cewa in kayan shago sun fi kuɗin da aka yi wa inshora, kamfani zai biya daidai kason da aka rufe ne kawai. Lissafin ya nuna mai ƙiyasin ya ɗauki kayanka gaba ɗaya a kan miliyan 30 ranar gobarar. Kai ka rufe 15, wato rabi, shi ya sa aka raba asararka biyu. 'Yan kasuwa da yawa sun faɗa wannan ramin ba da ganganci ba: tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, dilar atamfa ta bi ta, amma adadin da ke kan takardar inshora yana nan inda aka bar shi.

Alƙali ba zai goge maka wannan sharaɗin ba. Kotunanmu suna bin abin da aka rubuta, ko wa zai cutu. A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani kamfanin inshora da kamfanin ƙarfe na Ajaokuta cewa in ba a biya kuɗin inshora tun farko ba, to babu yarjejeniya, kuma kamfanin inshorar, da ya kai ƙara yana neman a biya shi kuɗin, shi ne ya sha ƙasa a ranar. Kotun da ta riƙe kamfani da ƙa'ida haka za ta riƙe ka.

Inda kake da abin faɗa shi ne miliyan 30 ɗin. Da wane farashi ya auna, na sari ko na sayarwa? Inshorar kaya kuɗin da za ka maye gurbinsu take biya, ba ribar da ka so ci ba, kuma in ya auna kayan shago da farashin sayarwa sannan ya auna waɗanda suka ƙone da na sari, an danne ka. Ya haɗa da kayan da ke wani sito dabam? Ya haɗa da na mutane da aka ajiye maka amana? In ka nuna kayan miliyan 20 ne a shagon, biyanka ya koma miliyan 9. Don haka ka rubuta musu ka nemi cikakken rahoton ƙiyasin, ka tattaro rasitai, bayanan banki, saƙonnin WhatsApp da masu kawo maka kaya, da rahoton hukumar kashe gobara. In littafin shago ya ƙone, na masu sayar maka yana nan.

In ta hannun dillalin inshora ka shiga, ka tasa shi gaba, kamasho ya ci, bin haƙƙinka aikinsa ne. In sun ƙi motsi, ka kai ƙorafi a rubuce ga NAICOM, hukumar da ke ba su lasisi. Kamfanoni sun fi jin tsoronta a kan sammaci, musamman tun da sabuwar dokar inshora ta 2025 ta maye gurbin ta 2003.

Kotu kuwa, ka bar ta a ƙarshe. Yarjejeniyoyi da yawa sun ce saɓani kan adadin kuɗi sai an fara kai shi gaban mai raba gardama, in ka tsallake wannan lauyansu ya sa a jingine ƙararka. Ga kuma ɗaukaka ƙara, shekaru na tafiya naira na narkewa. Cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Kano ta fi sauri. Amma ka sa lauya ya duba maka wa'adi a makon nan, don wasu yarjejeniyoyin wata 12 kacal suke bayarwa a ɗauki mataki. Sannan ka tambaye su a rubuce ko za su ba ka miliyan 6 ɗin a matsayin biyan wucin gadi, ka cika shago da ita yayin da ake ja-in-ja kan sauran.