Mujiyar Atina da ka hango a gwanjo

Sani, na ga saƙonka tun bayan Azahar, na bari sai da na rufe shago saboda amsar ba ta tsaye ba ce. Ka ce ka ga tsabar azurfar nan ta birnin Atina mai hoton mujiya a gwanjon da za a rufe ranar Lahadi, an buɗe tayi da kuɗi kaɗan, an rubuta nauyinta giram 16.1, kuma akwai sara a kan mujiyar. Kana tambaya ko ka taya, tunda a lissafinka ko ba komai azurfa ce, ba za a yi asara ba.

Wannan lissafi na maƙerin fari ne, da shi ni ma na shigo sana'ar, shi ya sa ban yi maka dariya ba. Amma ka ajiye shi gefe. Azurfar da ke cikin tsabar nan ba ta kai ta munduwa ɗaya mai kauri ba, in ka narkar da ita abin da za ka samu ɗan ƙalilan ne a kan abin da ka biya. Kuɗin da ake zubawa na tabbacin cewa hannun wani Bagirke ne ya buga ta shekaru sama da 2,400 da suka wuce, da kyawun bugun, da takardar da ke nuna hanyar da ta biyo. In ɗaya ya faɗi a cikin ukun nan, farashi ya bi shi.

Mu fara da sikeli, tunda shi ba ya jin kunyar kowa. Sunan tsabar tetradirakma, wato dirakma huɗu. (Dirhamin da malamai ke ambata a babin zakka daga kalmar dirakma ya samo suna, dinari kuma daga denariyus na Romawa, ka ga ba baƙi ba ne a kunnenmu.) Atinawa sun buga ta a kan giram 17.2 ko kusa da haka, da azurfar da suke haƙowa a Lauriyon, kudu da birnin. Ba su wasa da awo, shi ya sa fatake suka karɓe ta daga Masar har ƙasar Farisa. Wadda ta sha hannu takan ɗan sauko, ka gan ta 17.0 ko 16.9. Taka ta rasa fiye da giram guda. Ina ya tafi? Kada ka ce saran ne, domin kurfi tura ƙarfe yake yi gefe, ba ya ɗauke shi. Ko dai cikinta jan ƙarfe ne aka lulluɓe da fallen azurfa, irin jabun da mutanen wancan zamani da kansu suke yi, ko ƙasar da ta kwanta a ciki ta cinye ta ta ciki har azurfar ta yi gautsi, wadda in ta suɓuce maka a kan siminti sai dai ka kwashi gutsattsari, ko kuma jabun jiya-jiya ce. Ta farko tana da masu sonta, amma da farashinta daban. Ta biyu wahala ce. Ta uku kuwa ka san sunanta.

Saran kansa ba aibi ba ne a wurina. 'Yan canjin da, musamman a Masar da Sham, sukan sa kurfi su sari tsaba don su ga ko azurfar ta kai ciki. Mujiya mai sara ta yi tafiya ke nan, ta shiga kasuwa, wani ya yi shakkarta ya gwada. Tana da arha a kan wadda ba a taɓa ba, kuma ga mai koyo ta fi daɗin riƙewa. Sai dai masu jabu su ma sun san mutane na samun natsuwa da ganin sara, don haka su ma suna sara tasu. Ka leƙa cikin saran da gilashin ƙara girma: launin cikinsa ya zama ya tsufa tare da sauran jikin.

Abin da hoton gwanjo ba ya cika nunawa, kuma shi na fi so, shi ne gefen tsabar. Mutanen da bugawa suke yi: a ɗora ɗan curin azurfa a kan hatimin ƙasa, a aza na sama, a kai masa guduma. Ƙarfe ya bazu, baki ya ɗan tsage, layuka su fito da kaifi. Mai jabun da ba shi da gwaninta zubi yake yi, kai kuwa da ka tashi a maƙera ka san halin zubi: ɗinki a gefe inda bakin mazubi biyu suka haɗu, ko alamar zarto inda aka goge ɗinkin, ƙananan ramuka kamar na zanzana, da zane mai laushi kamar sabulun da aka yi wanka da shi sau biyu. Waɗannan masu sauƙi ne. Masu ban tsoro su ne waɗanda ke sassaƙa hatiminsu su buga kamar yadda aka yi a da. Wani Bajamushe, Karl Wilhelm Becker, wanda ya rasu a 1830, ya yi haka da ɗaruruwan hatimai, har yau ana tuntuɓe da aikinsa a tsofaffin tarin jama'a. Irin waɗannan ana kama su ne da tagwaye. Tsaba biyu na gaske za su iya fitowa daga hatimi ɗaya, zanensu ya zama iri ɗaya, amma curin da aka buga ba zai taɓa zama ɗaya ba: wannan ta karkata hagu, waccan ta tsage a sama. In ka ga biyu da siffa ɗaya, tsaga ɗaya, ƙarce ɗaya a wuri ɗaya, to uwarsu ɗaya ce kuma ba a Atina take ba. Shi ya sa nake sa ka zauna kana duba hotunan tsofaffin gwanjo a acsearch da CoinArchives har idonka ya yi ja.

Yanzu takarda. Na san kai a ganinka wannan fitinar Turawa ce, to saurara. Akwai tsabar da Burutus, wani babban ɗan siyasar Rum, ya buga a shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa, mai wuƙaƙe biyu da hula a tsakiya, yana alfahari da kisan Yuliyas Kaisar, shugaban Rum. An fi saninta a azurfa, amma an sayar da ta zinariya a Landan a watan Oktoban 2020 a kan fam miliyan 3.24. Tsabar ta gaske ce, ba wanda ya ce jabu ce. Tarihin mallakar da aka liƙa mata ne ya zama na ƙarya, kuma a 2023 hukumomin New York suka mayar da ita Girka. Mutum ya biya wannan dukiya, abu ya bar hannunsa. Tun yarjejeniyar UNESCO ta 1970 a kan fitar da kayan tarihi, tsabar da za a iya nuna ta a wani kundin gwanjo ko tarin wani kafin wannan shekara ta fi daraja, ta fi kwanciyar hankali, ta fi sauƙin sake sayarwa. Mujiyoyi sun cika kasuwa a 'yan shekarun nan, da yawansu ba su da ko layi ɗaya na inda suka fito. Taka me aka rubuta a ƙarƙashinta? Ba ka faɗa mini ba, ina jin ba ka duba ba.

Ka lura da wani abu a labarin nan kuma. An buga guduma ne a kan fam miliyan 2.7, sauran la'adar gidan gwanjo ce, kashi 20 cikin ɗari a kan mai saye. Haka abin yake ko a ƙaramar tsaba, wasu gidajen ma sun haura haka. Ka ɗora kuɗin aikowa, da inshora, da abin da banki zai yanka, da canjin Yuro ko faran na Suwizalan a ranar biya. Kuɗin buɗe tayi da ya ruɗe ka kuwa hatsi ne ake watsa wa kaji. Da gangan ake sa shi ƙasa don mutane su taru, in an taru sai zuciya ta karɓi aiki daga hannun hankali. Ni kafin gwanjo nakan nemi irin tsabar guda biyar ko shida da aka sayar a baya, masu kama da ita a kyau da nauyi, in ga inda suka tsaya, in cire la'ada da sauran, in rubuta iyakata a takarda in ajiye a gabana. An wuce ta, na sallama. Na taɓa ƙin bin takardar nan sau ɗaya, saboda wani da ban san ko waye ba yana ƙara mini tayi a daƙiƙun ƙarshe, na ji kamar raini ne. Na ci gwanjon. Tsabar ta shekara huɗu a akwati kafin na rabu da ita a kan faɗuwa.

Gidan da kake hulɗa da shi ma abin dubawa ne. Sanannu irin su CNG a Amurka, da Künker a Jamus, da Leu a Suwizalan, suna da sunan da suke tsoron ɓatawa. Ka karanta sharuɗɗan kowane gida ka ga ko ya ɗauki alkawarin karɓar kaya ya mayar da kuɗi in ya tabbata jabu ne, da kuma tsawon lokacin da ya bayar.

In kana son shawarata, ka bar mujiya tukuna, ka fara da denariyus na sarakunan Rum, irin Tarajan, ko Hadiriyan, ko Saptimiyus Seberus. Suna da yawa, kuɗinsu bai kai na karya mutum ba, kuma makaranta ne. A jikinsu za ka koyi karanta gajerun haruffan nan, COS da TR P masu nuna muƙaman sarki, da lambobin da ke biye da su, waɗanda ke gaya maka shekarar bugu. A sikeli kuma za ka ga daula tana tsufa: na zamanin Agustus kusan giram 3.9 ne na azurfa mai kyau, Nero ya rage shi a shekara ta 64 zuwa wajen 3.4, a zamanin Seberus azurfar ta koma kusan rabi. Wanda ya riƙe irin waɗannan hamsin a hannunsa, ya auna su, ya juya su a hasken taga, shi ne zai ji jabu tun kafin ya iya faɗin abin da ya dame shi game da ita.

Daga nan sai ka haura zuwa na Iskandari mai girma, masu kan Herakulis, jarumin tatsuniyoyin Girkawa, sanye da fatar zaki, da Ziyus, babban abin bautarsu, zaune riƙe da gaggafa. A nan ma akwai tarko ga mai gaggawa: Iskandari ya mutu a 323 kafin haihuwar Annabi Isa, amma birane sun ci gaba da buga kuɗi da sunansa fiye da shekara ɗari bayansa. Kamar dai azurfar Mariya Teresa da kakanninmu suka yi ciniki da ita a Borno da ƙasar Hausa, wadda duk lokacin da aka buga ta 1780 ake rubutawa. Na zamanin rayuwarsa sun fi tsada. Galibi a nasu ƙafafun Ziyus a buɗe suke, na baya kuma ya harɗe su, amma wannan manuniya ce kawai, alamomin gidan bugu ne ke yanke hukunci.

Sai abu ɗaya da na san hannunka zai yi ƙaiƙayin yi: kada ka goge. Duhun nan mai kamar shuɗi da tsohuwar azurfa ke yi bayan ta daɗe a akwati, masu saye biyansa suke yi. Lemun tsami da toka na mundaye ne.

Ka rubuta wa gidan gwanjon yau da dare, ka nemi hoton gefen mujiyar da na cikin saran, ka tambaye su ko sun sake auna ta, da kuma daga hannun wa ta fito. Gobe in ka zo ka taho da ƙaramin sikelin, akwai denariyus uku na Tarajan da zan ba ka ka auna, ɗaya daga cikinsu ba ta gaske ba ce.